Kimiyya Da Lafiya: Ɗan Agajin Da Ke Cikin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, ko tsoho mai ciwon karkarwa, ya san tambayar da ke cin zuciyar dangi: anya hannun nan zai sake riƙe cokali kuwa? Abin da ya sa amsar ke da wuya shi ne, ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa ba kamar fata suke ba. Fata in ta yanke takan haɗe, amma galibin ƙwayoyin nan in sun mutu, sun tafi ke nan. Don haka masana suka duƙufa neman abin da zai hana su mutuwa tun da fari.

Cikin abubuwan da aka sa wa ido akwai wani furotin da ake kira aktibin. A 1986 ne masanan Cibiyar Salk ta Kalifoniya, a ƙasar Amurka, suka tace shi daga ruwan gidan ƙwai na aladu, kuma a sa'an nan da sha'anin haihuwa kaɗai aka san shi. Sai a 1990 David Schubert da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu ƙwayoyin jijiya da ake reno a kwanon gwaji sukan daɗe da rai in an zuba musu shi.

Daga nan masana a Jamus suka lura cewa da zarar ƙwaƙwalwar ɓera ta ji rauni, sai ta shiga yin aktibin da yawa a wurin, tamkar gari ya tura 'yan kwana-kwana inda gobara ta tashi. A shekarar 2000 suka gwada wani furotin dabam mai kare ƙwayoyin jijiya, sa'an nan suka ɗaure aktibin da kishiyarsa, wato folistatin. Nan take kariyar ta ɓace. Ashe da bazar aktibin wancan yake rawa. Haka kuma a 2015, a Ostireliya, aka ga ya ceci ƙwayoyin jijiya a ɓerayen da aka sa wa irin cutar Parkinson mai kawo karkarwa.

To, amma fa a yi hattara. Waɗannan gwaje-gwaje a kan dabbobi aka yi su, kuma sau da yawa cikin ƙwaƙwalwa kai tsaye ake zuba shi, domin akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ba ya barin manyan sinadarai su wuce. Ban da wannan, gishiri in ya yi yawa ɓata miya yake yi: aktibin in ya wuce kima yakan ramar da tsoka, ya kuma haddasa tabo a kayan ciki. Hasali ma maganin sotatercept da Amurka ta amince da shi a 2024, don masu hawan jini na huhu, aikinsa shi ne rage ƙarfin aktibin.

Saboda haka babu wani maganin aktibin da aka tabbatar don ciwon ƙwaƙwalwa, kuma wanda duk ya zo yana tallarsa, aljihun mai jinya yake nema. Abin da ke hannu shi ne a riƙa auna hawan jini, in kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki farat ɗaya, a garzaya asibiti ba da jiran gari ya waye ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.