Hatsin waje na ci ne, ba na shibka ba

Ɗan'uwa manomi, akwai wani haki da nike so mu yi maganarsa. Sunansa fartaniyom. Asalinsa ƙasar Meziko da maƙwabtanta. A 1956 aka gan shi a Indiya, ana zaton cikin alkamar da aka kawo daga waje ya ɓuya. Yau ya cika Indiya, ya shiga Habasha da Kenya. Can Habasha, mutane da yawa na ganin cikin hatsin taimako ya shigo.

Ganyensa a yayyage kamar na karoti, furensa ƙanana farare, tsawonsa ya kan kai mita ɗaya da rabi. Tushe guda na iya zuba ɗiya har 25,000. Ƙurar furensa ita ce mugunta. Iska na ɗaukarta, mutum ya shaƙa, sai atishawa, hanci na zuba, idanu su yi ja. Mai fuka kuwa, numfashi ya gagare shi. Taɓa shi da hannu na sa ƙaiƙayi. Saniyar da ta ci shi, nononta ya yi ɗaci. A gabashin Habasha an auna gonakin dawa da ba a nome shi ba: hasara ta kai kashi 40 zuwa 97 cikin 100. Ko Faransa da kuɗinta, ɗan'uwansa ambroziya na wahalar da mutanen Liyon kowane Agusta da Satumba.

Ka ce nesa ne? Dubi garmani cikin burtalinmu da makiyaya. Mun bar shi yana ƙarami, yanzu bisashe na neman ciyawa tsakiyarsa.

Ban ce ka ƙi hatsin taimako ko na kasuwa ba. Mai yunwa ba ya zaɓe, na sani. Abin da ba na so shi ne buhun da ba ka san gonarsa ba ya zama iri. Kuma in uwargida ta sheƙe shi, ƙaiƙayin kada ya tafi juji ko gaban awaki, don daga nan taki ke kai shi gona. A ƙone shi.

Damanar bana, in ka ga baƙon haki mai farin fure inda ake sauke buhuna, ko bakin hanyar mota, sa leda a hannu ka tuge shi kamin ya yi ɗiya. Kawo ma malamin gona tushe guda ya duba.