Girman Kai Rawanin Tsiya: Darasi Daga Rayuwar Essex

Idan muka karanta tarihin Ingila, da wuya mu sami bafaden da ya hau da sauri ya kuma faɗi da sauri kamar Robert Devereux, mai riƙe da sarautar Essex. An haife shi a 1565. Yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya rasu, ya gaji sarautar. A 1587 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta naɗa shi Sarkin Dawakinta, daga baya kuma ta ba shi ikon karɓar harajin ruwan inabi mai zaƙi da ake shigo da shi ƙasar. A 1596 ya shugabanci mayaƙan da suka ci garin Cadiz na Sifen, sunansa ya cika Landan.

Waɗansu suna cewa makircin abokin hamayyarsa Robert Cecil ne ya ka da shi. Hakika fada ba ta rasa masu hassada. Amma mu a ganinmu, Essex ne ya haƙa ramin da ya faɗa.

Mu duba. A 1598 gardama ta haɗa shi da Sarauniya, ya juya mata baya, ta mare shi, shi kuwa ya kai hannu ga takobinsa. Duk da haka ta yafe. A 1599 ta aike shi ƙasar Ailan da sojoji kimanin 16,000 ya murƙushe tawayen Hugh O'Neill. Maimakon yaƙi, sai ya yi sulhu ba da izini ba, ya baro aikinsa, ya kutsa ɗakin Sarauniya da safe tun ba ta kintsa ba. A 1600 aka karɓe masa harajin nan, bashi ya taso masa. A Fabrairun 1601 ya fita titunan Landan da magoya bayansa, yana zaton jama'a za su bi shi. Ba su bi ba. Ran 25 ga wannan wata aka fille masa kai, yana da shekara 35. Har Francis Bacon, wanda ya daɗe yana ba shi shawarar ya yi a hankali, yana cikin masu gabatar da ƙararsa.

Kuskurensa ɗaya ne: ya ɗauki alherin da aka yi masa kamar haƙƙinsa ne, don haka duk mai tsawata masa ya zama maƙiyi. Jaruntaka yana da ita, amma ba ta cece shi ba.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu fita bana, wata rana za a ɗora waɗansunmu a kan muƙami. Ranar nan mu tuna rigar aro ce, mu kuma riƙe abokin da yake iya gaya mana gaskiya tun kafin dare ya yi.