Kwalliyar falo da 'ya'yan itace: kada a gayyato kafur



Makon jiya wata Hajiya ta shigo shagon magani da nake aiki a Agege, ta ce in ba ta kafur leda biyu. Na tambaye ta ko na bayan gida ne. Ta ce a'a, falo za ta kai. 'Yarta da ke aure a Ingila ce ta zo ganin gida, ta taho da 'ya'yan wata bishiya masu ƙyalli, kowanne da 'yar hularsa, ta jera mata a kwanon tangaran a tsakiyar tebur. Bayan kwana huɗu sai ga fararen tsutsotsi suna yawo a kan gilashin.

"'Yata, har baƙi sun gani," in ji ta. "Ki ba ni abin da zai kashe su."

Na ce, "Hajiya, akwai jariri a gidan?" Ta ce jikanta, ko arba'in bai yi ba. Nan take na mayar da kafur ɗin kan kanta.

Abin da aka kawo mata 'ya'yan bishiyar ok ne, wadda Larabawa ke kira ballud. A Turai da Amurka suna zubowa ne daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganye ke ja yana kaɗewa, sai iyalai su tsinto su yi adon tebur da ƙofa. Tsutsar kuma ba daga ƙazantar gida ta fito ba. Akwai wani ƙwaro mai dogon baki, ɗan'uwan gundar da ke cinye mana wake a buhu. Macen kan huda ɗan itacen tun yana sama, ta saka ƙwai a ciki. Tsutsar ta girma tana cin ƙwayar, idan ya faɗo ƙasa sai ta yi ɗan rami zagayayye ta fito neman ƙasar da za ta shige. A falon Hajiya tebur ta tarar. Ba ta cizo, ba ta cin kujera, ƙyama ce kawai.

Maganin abin zafi ne ko sanyi, ba guba ba. A zuba su a ruwa, a wanke, duk wanda ya taso sama ko aka ga huda a jikinsa a yar, yawanci an riga an cinye cikinsa. A tsane sauran da tawul, a baza a faranti kada wani ya hau wani, a sa a obin a wuta ƙasa ƙasa, kamar digiri 90 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos, na awa biyu zuwa uku. A bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, a riƙa juyawa. Wuta mai ƙarfi tana ƙona su ko ta fasa su. Wasu firiza suke sakawa na mako guda, amma wannan sai mai wutar da ba ta ɗaukewa, firizar da ke narkewa kullum da rana ba ta cika aikin ba, kuma ko ta yi, sai an sake busarwa. Hulunan kan faɗo bayan sun bushe, ɗigon gam ya ishe su. Wanda ke son ƙyalli sai ya shafa banish a waje inda iska ke kaɗawa.

Mu da ke kudu muna da ƙarin abokin gaba, wato laima. Abin da zai shekara lafiya a Kano, a Legas ko Fatakwal wata guda ya isa ya yi funfuna. Don haka kwalba mai murfi ta fi buɗaɗɗen kwano, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Wanda ya riga ya yi funfuna a zubar, musamman gidan da ke da mai asma.

Yanzu me ya sa na hana Hajiya kafur? Farin ƙwallon da muke kira kafur a kasuwa yawanci sinadarin naftalin ne, kuma warin da kake ji shi ne sinadarin yana narkewa cikin iskar ɗaki. Akwai wani yanayi na gado da ake kira ƙarancin G6PD, yana da yawa a Najeriya, ya fi bayyana a 'ya'ya maza, kuma galibin iyaye ba su san ɗansu na da shi ba. Irin wannan yaro idan ya shaƙi naftalin, ko aka sa masa kayan da aka adana da shi, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa. Sai a ga ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kalar shayi, jiki ya yi fari fat. A jariri shawara mai tsanani tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar shi da kurumta ko naƙasa har abada. Wannan ya shafi akwatin kayan jarirai da kakanni ke cikawa da kafur don ƙamshi, ba kwanon ado kaɗai ba.

Fesa Sniper ko piya-piya kuwa kada ma a soma. Maganin gona ne, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni. Abin da yaro zai ɗauka ya wasa da shi ya kai baki, ba a jiƙa shi da guba.

Shi kansa ɗan ok ɗin yana da ɗaci saboda sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Idan tumaki ko shanu ko kare suka ci da yawa yana lalata musu ƙoda. Ga yaro kuwa abin tsoron shi ne shaƙewa, domin girmansa daidai maƙogwaron ɗan shekara biyu ne. Duk abin da zai iya wucewa ta ramin kwalin takardar bayan gida, a ɗaga shi sama da inda hannun yaro ke kaiwa.

Na fi damuwa ma da namu na gida. Idon zakara, jan ƙwayar nan mai ɗigon baƙi da ake zubawa a kwalba ko a yi abin wuya da ita, tana ɗauke da guba mai suna abrin. Ƙwaya ɗaya idan aka tauna ta tana iya kisa. A ƙarshen 2011 sai da aka janye mundayen da aka yi da ita daga shaguna a Birtaniya. 'Ya'yan zurma masu kyawun zane su ma haka, gubarsu risin. Waɗannan biyun gashi a obin bai mai da su abin ajiyewa a gidan yara ba. Idan yaro ya tauna, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A ɗauki ragowar ƙwayar a tafi asibiti nan take, ko da yana wasansa, domin alamun kan ɗauki awoyi, wani lokaci har kwana, kafin su fito.

Hajiya ta dawo shekaranjiya karɓar maganin hawan jini. Ta ce cikin guda arba'in da ɗoriya, goma sha bakwai ne suka nutse a ruwa. Ta gasa su, suna cikin kwalba a saman kabad. Kafur ɗin akwatin jikan ma ta kwashe, ta wanke kayan ta shanya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.