Korona ta dawo a ƙarshen 2020: me lissafin ƙasashe ya gaya mana a Difa?

Jama'a masu saurarenmu daga Boso zuwa Maine-Soroa, da 'yan uwa da ke Maiduguri, Libiya da Turai, tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin farkon 2021 ita ce: wai korona ba ta wuce ba ne? Amsa a taƙaice, ta dawo a ƙarshen 2020, kuma a wurare da dama dawowar ta fi zuwan farko zafi.

Mu fara da nesa. Faransa ta saki jiki lokacin hutun bazara, sai ga ta ta sake kulle jama'a a gida ranar 30 ga Oktoba 2020. Ingila ta bi sahu ranar 5 ga Nuwamba. A Amurka waɗanda suka rasu sun haura 300,000 a tsakiyar Disamba. Afirka ta Kudu ta sanar da sabon nau'in ƙwayar cutar ranar 18 ga Disamba, kafin ƙarshen wata masu kamuwa sun zarce miliyan 1.

A kusa da mu, Najeriya ba ta kai mutum 1,000 a rana ba a zagayen farko, amma a Disamba ta wuce haka. Nan Nijar, inda aka samu mutum na farko ranar 19 ga Maris 2020, ba mu kai 1,500 ba a ƙarshen Oktoba. Cikin wata biyu adadin ya haura 3,000.

Salon ɗaya ne ko'ina: an sassauta doka, taruka sun dawo, cuta ta biyo baya. A wajenmu lamarin ya zo daidai da yaƙin neman zaɓen 13 da 27 ga Disamba, ga kuma sanyin hunturu da ke tara mutane a ɗaki guda.

To, wani zai ce ai 3,000 ba komai ba ne kusa da miliyoyin Turai. Da gaskiyarsa ta wani fanni, don kusan rabin 'yan Nijar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, cutar kuwa ta fi kayar da tsofaffi. Amma lissafi yana bin gwaji ne. Babban ɗakin gwajinmu, CERMES, yana Yamai, sama da kilomita 1,300 daga nan. Dattijon da tari ya kwantar a ƙauyen bakin Komadugu, wa zai ƙirga shi? Kano ta ga irin haka a Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta binne dattawa kafin gwaji ya kankama.

Sai dai maganin Turai ba zai yi mana ba. An sa Difa cikin dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015. Manomin tattasai da masunci sun riga sun sha wuyar rufe kasuwa da iyaka, ga harin Tumur na Disamban 2020 bai bar zukatanmu ba. Wanda ke neman na tuwon yau ba ya kulle kansa a gida. A sansanin Sayam da matsugunan gefen kwalta, inda iyali guda ke kwana a rumfa ɗaya, maganar ba da tazara da wuya take.

Abin da ke hannunmu shi ne kare tsofaffi. A rage cunkoso wajen biki da zaman makoki, a sa takunkumi ranar kasuwa da masallacin Juma'a, a wanke hannu da sabulu. Mai zazzaɓi da sarƙewar numfashi a kai shi likita, kada a ce mura ce kawai. 'Yan uwa da ke shirin zuwa gida, ku ɗan yi kwanaki kafin ku shiga ɗakin kaka gaisuwa.

An yi zagaye na biyu na zaɓe ranar 21 ga Fabrairu 2021. Muna kira ga 'yan siyasa, limamai da masu gari su ja gaba. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.