Ƙullin Da Aka Warware Sau Biyu

Ni ilmin halittu nake koyarwa, ba na kwamfuta ba. Amma akwai wani kuskure da masu rubuta manhaja suka daɗe suna maimaitawa, wanda duk ɗalibin da ya san rogo mai ɗaci zai gane shi nan take.

A cikin rogon akwai sinadarin linamarin. Muddin ƙwayoyin saiwar suna nan lafiya, a kwance yake. Sai an gurza ko an tauna, ya haɗu da abin da ke farfasa shi, sannan gubar sayanaid ta fito. Wanda ya gwada rogon kafin wannan sauyi ya ce ba komai, ya gwada abin da ba shi zai shiga jini ba.

To, haka saƙon intanet yake. Adireshi ba ya ɗaukar kowace alama kai tsaye, don haka akan sakaya ta. Sandar da ke raba ma'ajiyar fayiloli a Windows, wato \, ana rubuta ta %5c. Ita kanta alamar % ana rubuta ta %25. Kwamfutar da ta karɓi saƙo sai ta warware wannan ƙulli kafin ta yi aiki da shi.

A shekarar 2001 aka gano cewa manhajar IIS ta kamfanin Microsoft tana warwarewa sau biyu, alhali bincikenta yana tsakanin biyun. Mugu sai ya aiko da ..%255c. A warwarar farko saƙon ya zama ..%5c. Mai gadi ya duba, bai ga sanda ba, ya ba shi hanya. A ta biyu, bayan an wuce ƙofa, sai ya koma ..\ wanda ke nufin a koma ma'ajiyar baya. Da jera irin wannan, baƙo yakan fice daga inda aka killace shi, ya riƙa ba kwamfutar umurni. An fitar da gyara a watan Mayu, amma da tsutsar Nimda ta ɓulla a Satumba, ta tarar da ɗimbin kwamfutocin da ba a gyara ba.

Wasu kan ce wayon ɓarayi ne ya yi yawa. Ban yarda ba. Laifin na maginin ne, wanda ya bar sassa biyu kowanne yana warwarewa ba tare da sanin ɗan'uwansa ba. Kamata ya yi a warware sau ɗaya tak, a bincika abin da ya fito, kuma wannan ɗin za a yi aiki da shi. In an ga ragowar ƙulli inda bai dace ba, a ƙi saƙon gaba ɗaya.

Malaman kwamfuta a makarantun sakandare, ku rubuta %255c a allo, ku sa ɗalibai su warware da hannu. Kada a ɗauka tsohon labari ne: a Oktoban 2021 manhajar Apache ta toshe wata kafa irin wannan a fitowa ta 2.4.50, sai aka zagaye gyaran da %%32%65, wanda ke komawa %2e, sannan ɗigo. Cikin 'yan kwanaki tilas aka fitar da 2.4.51.