Wa Zai Mayar Da Golmo Wasan Kwamfuta? Kira Ga Marubutan Ƙasar Zuru

Duk wanda ya zaga garuruwan Arewa a 'yan shekarun nan ya san cewa dandalin tatsuniya ya tashi daga tsakar gida ya koma cikin wayar hannu. Yaron da a da yake zama gaban kakarsa da dare yana jiran labarin Gizo da Ƙoƙi, yanzu ya duƙufa kan wasannin kwamfuta, waɗanda yara ke kira gem, yana buga ƙwallo da ƙungiyoyin Ingila ko yana harbe-harbe a titunan Amurka. Iyaye sun yi faɗa, malamai sun yi wa'azi, amma wayar ba ta bar hannun yaron ba. Ra'ayina a nan shi ne, tunda raba yaro da wasa ya gagara, abin da ya rage mana shi ne mu shigar da labarinmu cikin wasan. Kuma a ganina ƙasar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, tana cikin wuraren da suka fi cancanta a fara wannan aiki.

Dalilina na farko shi ne mutanen Zuru ba baƙi ba ne a fagen wasa. Tun a littafin da Baturen nan R. C. Bell ya wallafa a 1960 kan wasannin al'ummomin duniya, an ambaci dara a matsayin wasan Dakarkari, wato Lelna kamar yadda suke kiran kansu. Gurbi 30, 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Al'ummar da ta goge a wannan lissafi ta riga ta san ƙa'ida, ta san dabara, ta san ci da faɗuwa, kuma waɗannan su ne ginshiƙan kowane wasan kwamfuta.

Dalili na biyu shi ne golmo, al'adar da saurayi kan yi wa mahaifin yarinyar da yake nema noma, shi da tawagar abokansa, shekara da shekaru, har akan kai bakwai, kafin a ba shi aure. Mai karatu ya dubi wannan da idon mai tsara wasa. Ga buri, ga wa'adi, ga tawaga wadda sai ka taya 'yan'uwa aikin gonar nasu surukan kafin su taya ka, ga damina da kan zo da kyau ko ta zo da fari, ga kokawa inda saurayi ke neman suna, ga bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona. A kowace shekara ɗan wasa yana da zaɓi. Ya tafi gonar suruki ko ya zauna jinyar mahaifiyarsa? Ya shiga aikin soja, kamar yadda dubban 'ya'yan ƙasar Zuru suka yi tun zamanin Turawa, ko ya tsaya ya cika alkawari? Abin da ya bambanta wasa da littafi ke nan: a littafi marubuci ne ke yanke hukunci, a wasa kuwa mai wasan ne ke zaɓa, ya kuma ɗanɗana sakamakon zaɓinsa.

Na san abin da za a ce: mai labarin bai iya rubuta manhaja ba. Wannan uzuri ya tsufa. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, 'yan wasan daɓe ne suka ɗauki kyamara, marubuta littattafan soyayya suka biyo baya, har aka wayi gari da masana'antar da ke ciyar da dubban mutane. Yau kayan aikin ma sun fi sauƙi. Manhajar Twine, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009, kyauta ce, kuma duk wanda ya iya rubuta wasiƙa zai iya gina labari mai rassa da ita: ka rubuta babi, ka sa zaɓi biyu ko uku a ƙarshensa, kowane zaɓi ya kai ga wani babin. Akwai Ren'Py ga mai son haɗa hira da zane da sauti, akwai kuma GDevelop wadda ake tsara motsi da ita ba tare da rubuta harshen kwamfuta ba. Kafin duk wannan ma, aikin farko na takarda ne da alƙalami: a zana rassan labarin, a gwada shi kan yara goma, a ga inda suka gaji da inda suka nemi ƙari.

Misalin da ya fi kama da halin Zuru yana can Alaska. Ƙabilar Iñupiat sun ga matasansu na barin harshensu, sai wata majalisar 'yan asalin yankin, Cook Inlet Tribal Council, ta haɗa hannu da kamfanin E-Line Media, aka tara dattawa da masu ba da labari kusan 40, aka gina wasan Never Alone kan wata tsohuwar tatsuniyarsu. Ya fito a 2014, ana ba da labarin cikin harshensu, ya kuma ci kyautar BAFTA ta Ingila a 2015. Dattawan nan su ke da ta cewa kan abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba. Haka Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo a Ingila mai tushe a Kenya, ya tara masu fasaha suka fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, labarin da ya samo asali daga rasuwar mahaifinsa. A nan gida ma akwai Maliyo Games a Legas tun 2012. Masu fasaha suna nan, ana iya ɗaukarsu aiki. Labari mai tushe shi ne abin da kuɗi ba su saye.

Abin da ya sa nake ganin lamarin na gaggawa ne shi ne halin da yankin ke ciki. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Danko-Wasagu da Sakaba, kuma idan ƙauye ya watse, ba rumbuna kaɗai ake bari ba, har da dandalin da ake ba da labari. Sannan mu masu magana da Hausa ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: harshenmu yana haɗiye ƙananan harsuna, kuma a cikin gari akwai 'ya'yan Lelna da Hausarsu ta fi C'Lelarsu ƙarfi. Wasan da tsoho ke magana da C'Lela, fassarar Hausa na bayyana a ƙasa, zai kai harshen inda littafin makaranta bai kai ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, kada kowa ya shiga da tunanin yin arziki, domin mafi yawan ƙananan wasanni ba sa mayar da kuɗinsu. Na biyu, a nemi izinin masu abin. Ƙasar Zuru ta haɗa Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, kuma wurare irin su Girmache suna da masu kula da su, ba kowane sirri ne na sa wa a waya ba. Na uku, a yi hattara da ƙirƙirarriyar basira. Tana iya taimakawa wajen zane da gyaran manhaja, amma idan ka tambaye ta al'adar da ba a rubuta sosai ba, sai ta ƙago maka ƙarya mai kyan tsari. Na huɗu, kada a maimaita abin da aka daɗe ana zargin finafinan Hausa da shi, wato kwaikwayon Indiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kirana ga Masarautar Zuru da masu shirya bikin Uhola shi ne su sa gasar rubuta labarin wasa cikin shagulgulan bikin. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 ta buɗe ɗakin kwamfutarta ga waɗanda suka yi nasara lokacin hutu, tunda golmo ma darasin noma ne. Manyan hafsoshin da wannan ƙasa ta haifa, waɗanda suka yi ritaya, su ɗauki nauyin mai zane ɗaya da mai manhaja ɗaya na wata shida. Su kuma marubuta, malamin firamare ne ko ma'aikaciyar jinya, su fara da ƙaramin abu: shekara ɗaya ta golmo, wasan minti goma sha biyar. Da yayyafi kogi kan cika. Idan muka yi jinkiri, wata rana wani kamfani daga waje zai zo ya kwashi labarin, ya canja masa kama, ya sayar wa jikokinmu. Allah Ya sa mu farga.