Leƙe Da Waya Ba Wasa Ba Ne

'Yan uwa, akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin mazajenmu a nan Bwari wadda ya kamata mu daina rufa mata asiri. Saurayi, kai har da magidanci, zai ɗaga waya ya ɗauki hoton mace a kasuwa ta sunkuya tana awo, ko ya zura ta ta saman katangar gidan wanka ya ɗauki ɗan uwansa namiji tsirara, sannan a zauna a majalisa ana miƙa wa juna ana dariya.

Abin da ya fi damuna shi ne hujjojinsu. In ka yi magana, sai a ce ai ba a taɓa jikin kowa ba. Wani ya ce fuska ba ta fito ba. Wani kuma ya ce ita ta jawo da irin shigarta, in kuwa namiji ne, wai tsakanin maza babu kunya. To, in wasa ne, me ya sa ake kashe ƙarar kyamara ana fakon ido? Mai ɓoye wayarsa ya riga ya san amsar da za a ba shi in ya nemi izini.

Masu cewa hoton ba zai wuce wayarsu ba su tuna da 2007 a Kano, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya, ya cika gari. Har sai da hukumar tace fina-finai ta dakatar da shirya fim na watanni, kuma ita yarinyar ce ta sha tsangwama. A zamanin Bluetooth ke nan fa, kafin WhatsApp.

Doka ma ba ta tare da su. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sannan dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa a Abuja, ta tanadi hukunci kan cutar da mutum a zuciya, ba duka kaɗai ba. A Ingila, tun 2019 ɗaukar hoton ƙarƙashin tufafin mutum a ɓoye kan jawo ɗaurin da ya kai shekara 2.

Mu da kullum muke neman a mutunta haƙƙinmu a garin da muka zo ci rani muka zauna, ya dace shugabannin tasha da masu gidajen wanka su fara korar duk wanda aka kama, a kuma raka wanda aka cuta ya kai ƙara.